Keken da Gide Ya Aiko

Ƙanƙara, ranar Litinin

Zuwa ga abokina Gide, sarkin masu facin Faskari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Khadijatu da yara. Ya aiki, ya kuma haƙuri da wannan zama da muke ciki?

Kada ka yi dariya da ka ga takarda. Tunda aka datse layukan waya, tawa wayar ta koma tocila. Shi ya sa na ba Salahuddeen direba wannan, tunda yanzu ta Funtuwa yake zagayowa ya bi ta wajenku.

Keke nake so ka nema mini. Babur ɗina na jingine shi. Mai ya yi wuya, ga doka a kan masu babur, kuma yanzu ko da rana tsaka mutum ya ji ƙarar babur a bayansa sai gabansa ya faɗi. Makarantar da nake koyarwa tana bakin gari ne, hanyar a shimfiɗe take, ba tudu ba gangare, rabi kwalta rabi jan ƙasa. Da ƙafa nake zuwa, kafin in isa aji na jiƙe da gumi, yara su yi ta kallona kamar wanda ya dawo daga huɗa. Albashin malamin firamare ka san shi, don haka kada ka aiko mini da na 'ya'yan masu kuɗi. Na hannu ya ishe ni. In da hali, ka samo irin wanda Yaya Jabiru yake hawa.

Ka ga na ce yake hawa. Haka muke magana a gidan nan har yau. Damina biyu ke nan tunda aka tare shi a hanyar gonarsa ta wajen Pauwa, aka shige daji da shi har da keken. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji murya ba. Matarsa Lauratu ba ta san ko ita matar aure ce ko mai takaba ba, kuma kullum sai ta aika a yi mata cajin wayar da ko sabis babu. Inna idonta ya ƙara rauni, amma kunnenta na nan daram. Ta hana kowa ajiye ko tsintsiya a kusurwar zauren da yake jingine kekensa. Ni kuwa, Gide, na gaji da rashin sani. Wani lokacin har tsoron abin da nake roƙon Allah nake yi.

Ka gaida mutanen gida. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Mas'udu

*

Faskari, ranar Alhamis

Zuwa ga Malam Mas'udu mai alli,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, Khadijatu na gaida Inna da Lauratu. Allah Ya bayyana Yaya Jabiru, Ya sanyaya zukatanku.

To malam, yau kai ne ɗalibi, sai ka gyara zama. Keken ƙarfe irin na dattawa ba ya mutuwa, amma na masu ɗaukar buhu ne, kai kuwa jakar littafi ce kayanka. Na hawan dutse, mai ƙatuwar taya da sifirin, shi samari ke rububi, amma a shimfiɗaɗɗiyar hanya wahalar banza ce, kana tuƙi yana jan ka baya, kuma mai arahar cikinsu kafin damina ta zagayo ya fara kuka ta ko'ina. Na tsere kuma tayarsa kamar tsinke, ƙaya ɗaya ta jan ƙasarku ta isa ta mayar da kai gida da ƙafa, ga shi sai ka duƙa a kansa kamar mai ruku'u. Da wannan tumbin naka ban ba ka shawara ba.

Naka shi ne na tsakani. Mara nauyi, kansa a miƙe ka zauna kamar mutum, tayar ba siririya ba ba ƙatuwa ba. Kada yawan giyar canja gudu ya ruɗe ka, kai da ba ka da tudun da za ka hau. Abin dubawa ƙarfen jiki ne da gargare da birki, sauran duk ana sayensu a shago.

Kuma ka yi sa'a. Kwanaki na je kasuwar Sabuwa na tarar da wani dattijo riƙe da irinsa, ya tsaya can gefe kamar ba sayarwa ya zo yi ba. Ko ciniki bai tsaya ja ba. Keken ya sha ajiya amma ƙashinsa lafiya. Na yi masa abin da nake yi wa kowane na hannu, na kankare shi na fesa masa baƙin fenti, na sa sabuwar sarƙa da feda da robar birki. Yana ɗan ja hagu, sai ka riƙe shi da kyau har ku saba. Ƙararrawar ce kaɗai ban canja ba, don ka ce a tausaya wa aljihunka. A tsage take, muryarta a dishe kamar ta tsohon ladan, amma tana korar akuya.

Ga shi nan a saman motar Salahuddeen. Ka daidaita sirdin yadda ƙafarka za ta kusa miƙewa in feda ta sauka. Maganar kuɗi sai mun haɗu, ba gudu za ka yi ba, balle a keke.

Naka,
Gide

*

Ƙanƙara, ranar Lahadi

Gide,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri, yau ba ni da bakin wasa.

Keke ya iso jiya bayan la'asar. Na karɓe shi a tasha na hau, kuma gaskiyarka ce, tafiyarsa ba nauyi. A mararrabar da ake ratsewa zuwa hanyar Pauwa ya ja ni hagu har sai da na sa ƙafa a ƙasa. Na tuna ka faɗa mini, na yi dariya ni kaɗai, na wuce.

Da na iso ƙofar gida akwai tunkiya kwance a bakin zaure, sai na kaɗa mata ƙararrawa.

Kai ka daɗe da barin garin nan, ba ka san wannan ba. Yaya Jabiru ba ya kaɗa ƙararrawa a hanya. Yana cewa rashin ladabi ne ka kaɗa wa dattijo ƙarfe kamar jaki, don haka da baki yake neman hanya, ya yi sallama ya wuce. Wuri ɗaya kaɗai yake kaɗa ta a duniya, a ƙofar gidan nan, don Inna ta san ya dawo.

Ban gama sauka ba na ji kwano ya faɗi a cikin gida. Sai ga Inna ta fito ba takalmi, tana lalube bango, matar da sai an kama ta take zuwa alwala. Lauratu na bayanta da kumfar wanki a hannu.

Inna ta ce, "Jabiru, ka daɗe a gona."

Na ce, "Inna, ni ne Mas'udu. Keke ne na saya wurin Gide."

Ta miƙa hannu ta shafa kan keken har ta kai ga ƙararrawar. Ta ce, "Wagga tashi ce. Ka kai shi wurinshi ka jingine."

Na kai shi kusurwar don kada in yi mata musu. Ka san bangon zauren na ƙasa ne, kuma shekara da shekaru kan kekensa ya ci wani ɗan rami a jiki. Gide, ina jingine shi kan keken ya faɗa cikin ramin nan daidai, ko motsi bai yi ba. Na sa makulli na kankare fentinka a ƙarƙashin sirdi. Kore ne a ciki. Ga kuma waldar da aka yi masa shekarar da ya faɗa kwalbati da buhun taki.

Yanzu ga inda muke. Inna ta ce tunda keke ya dawo, mai shi na tafe. Yau da safe ta sa an share ɗakinsa an shimfiɗa sabon zanen gado. Lauratu ta kira mai kitso, abin da rabonta da shi tun ranar da aka tafi da shi. Ina jin su suna dariya a tsakar gida, ni kuma ina zaune a zaure da keken nan, na kasa hawansa, na kasa daina kallonsa. Tsoro nake ji.

Don girman Allah ka nemo dattijon da ya sayar maka. Ka tambaye shi inda ya samo shi. Ko mene ne, ka rubuto mini shi yadda yake, kada ka yi masa fenti.

Naka,
Mas'udu

*

Faskari, ranar Juma'a

Mas'udu ɗan'uwana,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka a tsaye, sai da na nemi benci. Wallahi da na sani ko goge shi ba zan yi ba.

Na rufe shago na tafi Sabuwa, hanyar nan da ka sani, rami ya fi kwalta yawa. Masu sayar da kayan keke suka kwatanta mini shi. Sunansa Malam Muhammad Auwal, limamin wata 'yar unguwa ce a bakin daji, kuma ba ɓarawo ba ne, ba mai karɓar kayan 'yan daji ba ne, kowa ya shaide shi. Ashe ma shi ne mai cigiyar da na sha ji a kasuwar, mai shela yana cewa an tsinci keke, mai shi ya zo da alama. Wane keke, wane launi, ba a faɗa. Ni da nake cikin kekuna ban taɓa kawo komai a raina ba.

Na same shi a gida. Ya ba ni ruwa, ya saurare ni har na gama, idonsa ya kawo ƙwalla. Amma ya ƙi gaya mini komai. Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Ya ce ni mai saye ne, ba mai kaya ba, kuma maganar da ke bakinsa ba ta da kyau a ba wanda ba nata ba. Ya sa ɗiyarsa Saudatu ta rubuta maka wannan da na haɗo. Ka ba shi amsa ta hannuna.

Kada ka ce wa Inna komai tukuna. Allah Ya sa mu ji alheri.

Gide

*

Daga Muhammad Auwal, limami, ƙasar Sabuwa
Zuwa ga Malam Mas'udu a Ƙanƙara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Aminci ya tabbata a gare ka da mahaifiyarka da dukkan mutanen gidanku. Bayan haka.

Ɗana, abokinka ya zo mini da magana mai nauyi, ya kuma tafi yana jin haushina. Ina roƙon kada kai ma ka ji. Abin da muka karanta wurin malamanmu game da tsintuwa shi ne, wanda ya tsinta ya yi cigiya amma ya ɓoye alamomin, mai kaya shi zai faɗe su. In sun dace a ba shi, in ba su dace ba a riƙe amana har mai ita ya zo. A ƙasar nan gidajen da ke jiran wani suna da yawa. Ba zan ɗauki labarin wani gida in kai wani gida ba.

Don haka ka rubuto mini alamomin keken kamar yadda yake kafin a taɓa shi. Sannan, ka yi haƙuri da wannan, ka rubuto mini alamomin mai shi, waɗanda ke jikinsa da ba sa canjawa.

Allah Ya ba mu ikon ɗaukar abin da Ya hukunta. Wassalam.

*

Ƙanƙara, ranar Talata

Zuwa ga Baba Malam Muhammad Auwal,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina gaisuwa da girmamawa, Allah Ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Ban ji haushi ba. Amma tunda Malam ya nemi alamomin jiki, na san akwai jikin da Malam ya gani.

Keken kore ne. Akwai walda a ƙarƙashin sirdi. Fedar hagu ta katako ce, shi ya sassaƙa ta da hannunsa daga icen marke. Ƙararrawar a tsage take, an ɗaure ta da jan waya.

Mai shi sunansa Jabiru, yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne, baƙi, yana da wushirya. Ƙaramin yatsansa na hagu ba shi da kai, lauje ya cire shi muna yara wajen yankan ciyawa. A ƙwaurinsa na dama akwai tabon ƙunar salansar babur, tun daga ranar ya ce shi da babur har abada. Yana da saurin dariya, ba ya iya cin tuwo sai da yaji, in yana tafiya yana ɗan karkata kafaɗa. Na san waɗannan na ƙarshe ba su ne Malam ya tambaya ba. Na fara rubutu ne na kasa tsayawa.

Baba, mahaifiyarmu tana zaune a bakin zaure tun safe har magariba tana sauraren hanya. Matarsa ta sa lalle. Ko wane iri ne labarin, ya fi wannan.

Ɗanka,
Mas'udu

*

Daga Muhammad Auwal
Zuwa ga ɗana Mas'udu

Aminci ya tabbata a gare ku. Bayan haka, alamomi sun dace, babu wadda ta saɓa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan'uwanka Jabiru ya rasu, ni na wanke shi da hannuna.

Ga yadda aka yi. Bara da kaka, dawa ta yi kai ba a yanke ba, ina gonata ta bakin daji da hantsi, sai na ji ƙararrawar keke a cikin dawa. Babu hanya a wurin, ko turba babu. Na ji tsoro, na yi niyyar tafiya, sai aka sake kaɗawa a hankali. Na kutsa na same shi kwance a gefen kunya, keken na kansa rabi, hannunsa a kan ƙararrawar. Tayoyin duk sun sace, ƙafafunsa sun kumbura sun farfashe. Yadda ya kuɓuta daga hannunsu, da yadda ya ratso dajin nan tun daga wajenku har ƙasarmu yana jan keke, Allah kaɗai Ya sani. Ni dai na ga bai yar da shi ba.

Na ɗiga masa ruwa ya haɗiya. Na tambayi sunansa da garinsu, bakinsa na motsi amma murya ba ta fita. Ya dube ni ya yi murmushi, a nan na ga wushiryar. Ba irin kallon da ake yi wa baƙo ya yi mini ba. Na laƙƙana masa kalmar shahada, ya ɗaga yatsa. Kafin azahar ya cika, kansa a kan cinyata.

Mun yi masa sutura, mun sallace shi, jama'a ba laifi. Kabarinsa na gindin ɗorawa a gefen gonar, na jera duwatsu don kada ya ɓace, kuma ban taɓa wucewa ban yi masa addu'a ba. Na sanar da mai unguwa. Amma a kasuwa ba mu ambaci mutum ba, don a lokacin in aka ji wani ya tsero ta gonar wane, masu kai rahoto daji suna nan cikinmu. Keken kaɗai na yi wa cigiya, a kasuwa da masallatan Juma'a, har shekara ta zagayo, ban faɗi launi ba, ban faɗi alama ba, kamar yadda aka koya mana. Mutane sun zo, alamominsu ba su dace ba. Ashe ku kuna can kuna cigiyar mutum, ni ina nan ina cigiyar keke. Da shekara ta cika na sayar, na yi sadaka da abin da aka ba ni da niyyar ladan ya kai ga mai shi.

Ka gaya wa mahaifiyarku bai mutu a hannunsu ba, bai mutu shi kaɗai ba, kuma ya sha ruwa. Duk ranar da hanya ta yi kyau ku zo in kai ku. Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Wassalam.

*

Ƙanƙara, ranar Asabar

Gide,

Assalamu alaikum. Mun ga saƙon ta'aziyyarku, Allah Ya ba da lada.

Na karanta musu takardar Malam a tsakar gida. Limaminmu ya ce takabar Lauratu ta riga ta wuce tun tana jiransa, ba sai ta yi ba. Ta ce ta ji, ta shiga ɗaki ta tsefe kitson.

Inna ba ta yi kuka ba sai daga baya. Tambaya ɗaya ta yi mini. Ta ce, "Malamin ya ce ya kaɗa ƙararrawa?" Na ce ya kaɗa. Ta ce, "To, shi a wurinshi gida ya iso."

Ta sa na kwance mata ƙararrawar, tana ƙulle a bakin zanenta. Keken kuma ta ce in hau, ba don jingina aka yi shi ba. Ranar Litinin na je makaranta da shi. Zaɓinka ya yi, ba ya gajiyar da ni. Har yanzu yana ja hagu a mararraba, kuma kada ka ce in kawo ka gyara.

Salahuddeen ya ce kana neman wata ƙararrawa ka aiko mini. Ka bar ta. A hanya da baki nake neman wuri, in na iso ƙofar gida kuma sai in yi sallama, Inna ta amsa ta kira sunana.

Ka gaida Khadijatu da yara.

Naka,
Mas'udu